Sifili Ɗaya a Gaban Lamba: Yadda Manhaja Ke Karanta Adireshin Intanet

Akwai firintoci da kyamarorin tsaro da yawa waɗanda, in ka duba allonsu ko ka sa su buga takardar saitinsu, za su nuna maka adireshinsu kamar haka: 192.168.001.010. An cika kowane kashi da sifili ne don ya zama lamba uku-uku, ya yi kyau a ido. Mai shagon buga takardu ya kwafe shi yadda ya gan shi, ya zauna gaban kwamfutarsa mai Windows, ya ba ta umarnin ping don ya ji ko firintar na amsawa. Shiru. Da zai lura da kyau, zai ga kwamfutar na gaya masa cewa 192.168.1.8 take nema, alhali firintar tana 192.168.1.10. Bai yi kuskuren bugawa ba, firintar ma ba ta yi ƙarya ba. Karatun 010 ne ya raba su: firinta goma take nufi, kwamfuta kuma takwas ta fahimta.

Sana'ata rubuta manhaja ce da haɗa kwamfutocin ofisoshi, kuma wannan ɗan saɓanin yana damuna fiye da yadda girmansa ke nunawa. Inda ya tsaya a kan firinta, asarar ba ta wuce ɓata lokaci ba. Amma shi ɗin ne dai, ba wani ba, ya buɗe ƙofar ɓarna a manhajoji masu yawan gaske a shekarar 2021. Kafin mu kai can, sai mun fara sanin mene ne adireshin kansa.

Kowace na'ura da ke magana a intanet tana da adireshin da ake kira IP. Tsohon tsarinsa, wanda har yau shi ne ya fi yawa a wajenmu, ana kiransa IPv4, kuma an kafa ƙa'idarsa a watan Satumba na 1981 cikin wata takarda mai lamba RFC 791, wadda Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya tace. A wannan tsari adireshi lamba ce guda ɗaya tak mai gurbi 32, kowane gurbi ba ya ɗaukar komai sai 0 ko 1. Gurbin nan shi ake kira bit. Da gurbi 32 ana iya samun lambobi 4,294,967,296, iyakar adadin adireshin ke nan. Ɗigon nan uku da kake gani a tsakani babu su a cikin na'ura. Don mu aka sa su: an yanka gurbi 32 gida huɗu, takwas-takwas, aka rubuta kowane gida da lambar da ke tsakanin 0 da 255, saboda ɗan Adam ya iya riƙewa.

Kana iya gwada wannan da kanka. Rauta da MiFi da yawa adireshinsu 192.168.0.1 ne. Ninka 192 sau 16,777,216, ninka 168 sau 65,536, ka tara, ka ƙara 1, za ka sami 3,232,235,521. Rubuta http://3232235521 a Chrome, kafin ka ƙifta ido zai mayar da shi 192.168.0.1, ya kai ka shafin rautar in nan ne adireshinta. Lamarin kamar lambar waya ne a Nijeriya: ko ka ajiye ta da sifili a gaba, ko da +234, ko da tazara a tsakani, layi ɗaya ne. Amma wanda ya tsaya gwada rubutun harafi da harafi zai rantse mutane uku ne.

Saboda haka duk manhajar da ke hulɗa da adireshi tana da aiki uku a kanta: ta karanta rubutun da mutum ya ba ta ta mayar da shi lamba, ta ajiye lambar a cikinta, sannan in an buƙata ta sake fito da ita a rubuce. Ko ajiyar ma tana da nata tarko. Lambar nan gida huɗu ce, to wane gida za a fara jerawa a ƙwaƙwalwar na'ura, babba ko ƙarami? A kan wayar sadarwa an yarda babban gida ne ke gaba. Amma injinan Intel da mafi yawan injinan ARM da ke cikin wayoyinmu ƙaramin gida suke sawa gaba. Mai rubuta manhaja da ya manta bai juya su ba, sai 192.168.0.1 ya fito masa 1.0.168.192. Wannan kuskuren dai da sauƙi, domin nan take yake tona kansa. Wanda ke ɓuya shi ne na wajen karatu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da masu sana'ar, shi ne takardar 1981 ɗin nan ba ta ce komai ba game da yadda za a rubuta adireshi da haruffa. Ta bayyana gurbi 32 da yadda za su zauna a cikin saƙo, ta tsaya nan. Rubutu da ɗigo al'ada ce kawai da aka saba. A wata takardar da ta fito a watan nan guda, RFC 790, an jera lambobin cibiyoyin sadarwa na lokacin, kuma an rubuta ta ARPANET da 010 a farko, ana nufin goma. Wato tun ranar farko akwai masu cika gurbi da sifili don ado, kamar yadda firintar nan ke yi.

Sai kuma Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli ta fitar da tsarin Unix nata mai suna 4.2BSD a 1983, wanda ta hanyarsa ne intanet ta shiga kwamfutocin jami'o'i da kamfanoni da yawa. A cikinsa akwai ɗan aikin da ke karanta adireshi, sunansa inet_addr. Waɗanda suka rubuta shi da harshen C suke aiki, kuma a C akwai tsohuwar ƙa'ida: lambar da ta fara da sifili, da lissafin takwas-takwas ake karanta ta. Mu da goma-goma muke ƙirga, shi ya sa 10 ke nufin goma ɗaya ba ko ɗaya. A lissafin takwas-takwas alamomin daga 0 zuwa 7 ne kawai, don haka 10 na nufin takwas ɗaya ba ko ɗaya, wato takwas. Masu aiki da kwamfutocin wancan zamani sun saba da shi ƙwarai, domin kowace alama ɗaya tana daidai da bit uku cif. A wurinsu ba wani abin mamaki ba ne a ce 010 takwas ne.

Ba nan sassaucin ya tsaya ba. Lambar da ta fara da 0x ana karanta ta da lissafin sha shida-sha shida. Kuma ba dole ne kashi ya cika huɗu ba: in ka rubuta 127.1, sai a ɗauki 127 a matsayin gidan farko, a shimfiɗa 1 a kan sauran gida ukun, ya zama 127.0.0.1. In kashi ɗaya ka bayar, a ɗauke shi a matsayin lambar gaba ɗaya, abin da ka gani ke nan a Chrome ɗazu. Har ma da wani aibi na daban: in inet_addr ya kasa karanta rubutu, alamar da yake mayarwa don nuna gazawa ita ce daidai lambar 255.255.255.255, wanda shi ma adireshi ne na gaske. Wannan ya sa daga baya aka kawo inet_aton, ya gyara batun alamar gazawa, amma ya riƙe duk sassaucin. Daga nan ɗabi'ar ta bazu zuwa Windows da Linux da macOS da burauzoji.

Postel yana da wata shawara da ta shahara a tsakanin injiniyoyi, wadda ma'anarta ita ce ka tsananta wa kanka a kan abin da kake aikawa, ka sassauta a kan abin da kake karɓa. Ina girmama mutumin nan matuƙa, kuma na san a zamanin da ake ƙoƙarin sa na'urori mabambanta su fahimci juna, shawarar ta taimaka intanet ta tsaya da ƙafarta. Amma a kan karanta adireshi, ra'ayina shi ne sassaucin ya cutar. Wanda ya karɓi rubutu mai fuska biyu dole ya yi hasashen abin da ake nufi, kuma babu tabbacin cewa maƙwabcinsa zai yi irin hasashensa. Hukumar da ke kula da tsarin ginin intanet ma ta fitar da takarda a 2023, RFC 9413, tana jan kunne a kan illar irin wannan haƙuri in ya daɗe.

Ga yadda illar ke faruwa. Akwai adireshin da ba na fita waje ba ne. 127.0.0.1 na nufin na'urar da kake kai ita kanta. Waɗanda suka fara da 10, da 192.168, da 172.16 zuwa 172.31, an ware su tun 1994 don cikin gida, ofis ko kamfani. A bayan irin waɗannan adireshi ne kamfani ke ajiye abin da bai so kowa ya taɓa: rumbun bayanan abokan ciniki, shafin shugabannin gudanarwa, makullan sirri. To akwai shafuka da yawa da ke ba ka dama ka sa musu adireshi su je su ɗauko maka abu, misali hoto ko takarda. Kada wani ya yi amfani da wannan ya aike su cikin gida, sai a sa manhaja mai tacewa ta duba adireshin tukuna. In na cikin gida ne ta hana, in na waje ne ta miƙa wa manhaja ta biyu ta je ta ɗauko.

Yanzu mugu ya rubuta 0177.0.0.1. Mai tacewa, in goma-goma kawai ta sani, sai ta watsar da sifilin ta karanta 177.0.0.1, ta ce wannan na waje ne, wuce. Mai ɗaukowa kuwa jikar tsarin Bakli ce, ta ga sifili a gaba, ta lissafa da takwas-takwas: ɗaya sau 64, da bakwai sau 8, da bakwai, 127 ke nan. Ta nufi 127.0.0.1, ta kwaso sirrin gidan ta miƙa wa baƙo. Kowacce a cikinsu ta bi ƙa'idar da aka koya mata. Ana iya yin dabarar ta ɗaya fuskar ma: 0127.0.0.1 zai yi wa mai tacewa kama da na gida, ta amince da shi, alhali 87.0.0.1 ne, wata na'ura can a waje.

A watan Maris na 2021 masu binciken tsaro suka bayyana cewa wannan rami yana cikin netmask, wani ɗan ƙunshin manhaja na harshen JavaScript da ake saukewa sau miliyoyi a kowane mako, wanda dubban wasu manhajoji suka jingina da shi ba tare da masu su sun ma san yana ciki ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar da irinsa a harsunan Perl, da Rust, da Go, da Python. Na Python ya fi ba ni takaici. Ƙunshinsa mai suna ipaddress, wanda ya shigo harshen a 2012, da farko yana ƙin karɓar irin wannan lamba mai fuska biyu. A fitowa ta 3.8, a 2019, aka cire wannan shingen don a sauƙaƙa wa mutane. Sai a fitowa ta 3.9.5, a watan Mayun 2021, aka mayar da shi, aka ma ƙara tsananta shi. Go ya bi sahu a fitowarsa ta 1.17 cikin watan Agusta na shekarar. Abin lura, ko a wajen gyaran ba a haɗu a kan hanya ɗaya ba: masu netmask sun koya masa karanta takwas-takwas, Python da Go kuma suka ce duk kashin da aka sa wa sifili a gaba ba su karɓa sam. Ni ina tare da na biyun. In rubutu na iya ɗaukar ma'ana biyu, a mayar wa mai shi ya faɗi wadda yake nufi.

Duk wannan a kan tsohon tsari ne. Adireshi biliyan huɗu da 'yan kai sun yi wa duniya kaɗan. Ranar 3 ga Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba manyan kaso biyar na ƙarshe da suka rage mata ga hukumomin yankuna biyar na duniya. AFRINIC, mai kula da Afirka daga tsibirin Morishiyos, ta sami kason da ya fara da 102. Shi ya sa in ka duba adireshin da wayarka ke fita da shi a Kano ko Maraɗi, sau da yawa za ka ga ya fara da 102, ko 105, ko 41, ko 197. Kuma saboda ƙarancin, kamfanonin waya kan haɗa masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya.

Maganin da aka tanada tun 1995 shi ne IPv6, mai gurbi 128. Yawan adireshin da ke cikinsa lamba ce mai alamomi 39. A nan an yi ƙoƙarin koyon darasi: an faɗi yadda za a rubuta shi tun farko. Kashi takwas ne, ruwa biyu ke raba su, kowane kashi da lissafin sha shida-sha shida, wato 0 zuwa 9 sannan a zuwa f. Sifilin gaba ba ya canza komai, 0025 da 25 duk ɗaya ne. Amma da yake adireshin dogo ne, sai aka ba da izinin taƙaitawa: ana iya jefar da sifilin gaba, kuma ana iya share jerin kashin da duk sifili ne a sa ruwa biyu sau biyu a madadinsu. Sau ɗaya kawai ake yin wannan a adireshi guda, kuma da dalili. In ka rubuta 2001:db8::7::25, kashi huɗu sun ɓace, ba wanda zai san ko ɗaya ne a ramin farko uku a na biyu, ko biyu-biyu, ko uku da ɗaya.

Izinin taƙaitawar ya haifi tasa matsalar. 2001:0db8:0000:0000:0007:0000:0000:0025, da 2001:db8::7:0:0:25, da 2001:db8:0:0:7::25, da 2001:DB8:0:0:7:0:0:25, duk halal ne, kuma duk na'ura ɗaya suke nufi. Ka ɗauka an kai wa ofis hari da dare, da safe injiniya na neman adireshin maharin a cikin kundin abubuwan da suka faru. Rauta ta rubuta shi da siga ɗaya, manhajar tsaro da wata, shafin kamfani da ta uku. Ya bincika da siga ɗaya, ya ga layi biyu, ya ɗauka abin bai yi yawa ba, alhali sauran sawun na nan a kwance da wani rubutun. Wasu injiniyoyi biyu daga Japan, Kawamura da Kawashima, su suka rubuta RFC 5952 a 2010 don kashe wannan wutar. Ƙa'idarsu: a yi amfani da ƙananan haruffa, a jefar da sifilin gaba, a taƙaita jerin sifili mafi tsawo, in biyu sun yi kunnen doki a taƙaita na farko, kuma kada a taƙaita kashi ɗaya tilo. A misalinmu, 2001:db8::7:0:0:25 ne kaɗai ya dace a fitar. Wannan takarda tana cikin waɗanda na fi so, domin ƙaramin abu ta ɗauka ta gama shi sarai.

Ruwa biyun ma sun zo da rigima. Tun da can, in ana son nuna lambar ƙofar da za a shiga a na'ura, ruwa biyu ake sawa bayan adireshi, kamar 192.0.2.5:443. To a 2001:db8::1:443, shin 443 ƙofa ce ko kashin ƙarshe na adireshi? Dole a 1999 aka ce a riƙa kulle adireshin cikin baka biyu masu kusurwa, a rubuta [2001:db8::1]:443. Har yau akwai manhajojin da ke neman ruwa biyun farko su yanka a nan, su ɗauki 2001 a matsayin sunan na'ura.

Sai kuskuren da na fi cin karo da shi a manhajojin da ake rubuta wa makarantu da asibitoci da ƙananan kamfanoni. Mai rubutu ya ƙirga 255.255.255.255, ya ga harafi 15 ne, ya ware gurbin harafi 15 a rumbun bayanai. Ranar da mai amfani ya shigo ta IPv6, ko dai manhajar ta ƙi shi, ko ta datse wutsiyar adireshin ta ajiye guntu ba tare da ta ce uffan ba. Wanda ya ɗan waye ya ware 39, tsawon cikakken adireshin IPv6. Shi ma bai tsira ba, domin an yarda a rubuta wutsiyar adireshin IPv6 da tsohon salon ɗigo, kamar ::ffff:192.0.2.5, kuma mafi tsawon irin wannan siga harafi 45 ne. Sigar nan kanta wata hanya ce ta zille wa mai tacewa: ::ffff:127.0.0.1 na iya kaiwa inda 127.0.0.1 ke kaiwa. Ajiye adireshi a matsayin rubutu na kuma lalata jeri, sai ka ga 10.0.0.10 ya riga 10.0.0.9. Na taɓa ganin manhajar da ke ɗaukar duk abin da ya fara da 172 a matsayin na cikin gida, alhali 172.217 na Google ne.

Abin da nake gaya wa matasan da ke koyon aiki a hannuna bai da yawa. Kada ka rubuta naka mai karanta adireshi, ko da ka ga layi biyar ya isa. Yi amfani da wanda harshenka ya tanada, ka kuma gwada shi da 010.0.0.1 da 127.1 ka ga abin da zai ce. Da zarar rubutu ya shigo, mayar da shi lamba sau ɗaya, daga nan duk tacewa da gwadawa da aikawa a yi su da lambar nan, kada ka duba rubutu sannan ka miƙa rubutun ga wani ya sake karantawa da tasa fahimtar. In rumbunka na da gurbi na musamman don adireshi, kamar inet a PostgreSQL, yi amfani da shi. Ga mai shago kuwa, ya isa ya san cewa in na'ura ta nuna masa adireshi da sifili a gaban kashi, ya cire sifilin kafin ya buga.

Tsanantawar ba kyauta take zuwa ba, kuma bai kamata in ɓoye wannan ba. Lokacin da Go ya daina karɓar sifilin gaba, masu kula da Kubernetes, manhajar da manyan kamfanoni ke tafiyar da dubban kwamfutoci da ita, sun ga cewa akwai masu amfani da suka riga suka ajiye adireshi da irin wannan siga, kuma sabon karatun zai sa a ƙi bayanan da jiya aka karɓa. Sai suka kwafi tsohon mai karatun suka ajiye a cikin nasu aikin, suka ci gaba da amfani da shi. Burauzoji ma ba su sauya ba: ƙa'idar da Chrome da Firefox da Safari ke bi wajen karanta adireshin shafi ta rubuta takwas-takwas da sha shida-sha shida da gajeren kashi a matsayin abin da dole a karɓa, saboda akwai tsofaffin shafuka da na'urori da suka dogara da su. Don haka a kwamfuta ɗaya, a yau, Python zai ce maka 0177.0.0.1 ba adireshi ba ne, burauzar da ke buɗe kusa da shi kuma ta kai ka 127.0.0.1.